Ki Yi Magana Kafin Motoci Su Tashi

Argungu,
Asabar da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Inna, kamar yadda nake kiranki tun ranar suna, ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, da fatan kin koma gidanki na Badariya a Birnin Kebbi lafiya jiya, kin iske maigidanki da yara cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa tafiyar da za ki yi ranar Litinin ta zama ta alheri, Ya kai ki Abuja lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutanen da za ki iske a ƙarshenta. Mu nan lafiya muke, sai gwiwar nan tawa da ta riga ta zama 'yar gida.

Ba zan cika ki da labarin gona ba. Jiya da kika zo sallama kin yi mini tambaya, ni kuma na ce miki Allah Ya yi jagora, na juya wajen baƙi. Na ga irin kallon da kika yi mini. Kin ɗauka tsufa ne ya hana ni gane nauyin tambayar. Na gane sarai. Zauren ne cike da 'yan taya murna, kowa yana kiranki Honarabul kamar shi ya raɗa miki, amsar kuma ba ta gaban jama'a ba ce, domin akwai abin kunyata a cikinta. Shi ya sa na zauna yau na rubuta. Zan ba direban da ke kai mana albasa Birnin Kebbi ya miƙa miki kafin ki ɗaure kaya.

Bari in maimaita abin da kika ce, don ki san na ji. Tun da sojoji suka karɓi mulki a ƙetaren iyakarmu, manyanmu na ta cewa in ba a gyara ba za a aika runduna. Dattawa da malamai suna kai da kawowa tsakanin ɓangarorin biyu, ba a gama ba tukuna. Ke ga ki sabuwar 'yar majalisa, kujerarki ko ɗumi ba ta yi ba, shugabannin jam'iyyarku sun tara ku sun ce kowa ya kama bakinsa har a gama tattaunawa. Hujjarsu ita ce, in na can suka ji majalisa ba ta goyon bayan aika soja, za su taurare, masu sulhu su dawo hannu rabbana. Ke kuma ba ki yarda da yaƙin ba. Tambayarki ita ce, yaushe za ki faɗa: yanzu, ko sai an ga ƙarshen zaman sulhu?

Ni da ke mun san abin da ke ƙarƙashin tambayar, ko da ba mu ambata ba jiya. Ƙanenki Sanusi ya kira ni shekaranjiya. Soja ba ya faɗin inda yake, amma ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Baba, ina kusa da gida." Gida kuwa kusa da iyaka yake. A ɗaya gefen iyakar kuma, a Gaya, ga Rabi ƙanwar mahaifiyarki da 'ya'yanta da jikokinta. In aka ce a tashi, ƙanenki zai hau mota ne ya nufi garin da yake zuwa cin tuwon sallah yana yaro. Tun ranar da ya kira, mahaifiyarki ba ta ci abincin kirki ba.

Ni ba masanin harkar ƙasashe ba ne. Manomin albasa da shinkafa ne da ya taɓa zama kansila lokacin jihar nan tana jaririya. Amma wannan tambayar taki na amsa ta sau biyu a rayuwata, kuma sau biyun duka na faɗi. Na farkon kin taɓa jin gutsurensa a bakin mutane. Na biyun babu mai rai a gidan nan da na taɓa gaya wa.

Kin san Tafkin Maje, tsakanin ƙauyenmu Tungar Wanzam da ƙauyen Mashaya. In kogin Rima ya cika da damina, kifi kan bi wata 'yar ƙorama ya shiga tafkin. Ruwa na janyewa sai a rufe shi, ba mai jefa ko ƙugiya, har ranar da Sarkin Ruwa zai ce a yi fashin ruwa. Ranar nan ƙauyukan biyu ke shiga tare, kowa da homarsa da goransa, abin da Allah Ya ba mutum nasa ne. Haka muka taso muka iske. To wata shekara mutanen Mashaya suka kafa shingen kara da asabari a bakin ƙoramar ta gefensu, suna tare kifin tun kafin ya shiga. Namu suka tashi da fushi. Ciyaman na wancan lokacin ya aika musu cewa in ba su tuge shingen ba zai turo 'yan sanda. Shi kuma Sarkin Ruwa Mamman, tsoho mai sanyin magana, ya ɗauki sandarsa yana zuwa Mashaya yana dawowa, yana lallashi.

Ni a lokacin jinina na tafasa, sabon kansila, hula a karkace. Ban son a kai 'yan sanda, kuma har yau ina ganin gaskiyata ce. Amma ji inda na faɗe ta. Ranar kasuwar Argungu, a rumfar 'yan albasa, mutane sun kewaye ni ana ta zuga ni, sai na buɗe murya na ce babu ɗan sandan da zai je, mu kansiloli ba za mu sa hannu ba, ciyaman ma kurari kawai yake, motar ofis ɗin ko taya ba ta da shi. Aka kwashe da dariya, wani ya yi mini kirari. Na koma gida ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Na manta cewa mutanen Mashaya ma kasuwar suke ci.

Washegari da safe Sarkin Ruwa ya zo har ƙofar gidanmu. Na fito zan durƙusa, ya ce, "Zamna, Garba." Na zauna. Ya dube ni ya ce, "Mi niy yi maka, ɗan ga? Wata biyu ina tahiya Mashaya da ƙahwata. Shekaranjiya sunka ce mani jibi suna tuge shingen. Jiya da la'asar sunka aiko, wai kansila ya ce babu mai zuwa, don haka shinge na nan."

Na ce, "Baba, ni dai ban son a kai 'yan sanda ne."

Ya ce, "Ni ma ban so. Wa ya gaya maka ina so? Da ka zo ka tambaye ni, da na gaya maka kwana biyu kaɗai nika biɗa."

Ya tashi ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Shekarar nan ba a yi fashin ruwa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba don tafkin na yi maganar ba, don a ce Garba bai tsoron ciyaman na yi ta.

Ga nasihar farko, ki riƙe ta. Waɗanda suka ce miki magana na iya ɓata sulhu ba ƙarya suke ba, na gani da idona. Don haka kada gidan rediyo ya riga masu sulhu jin ra'ayinki. Ki nemi wani daga cikin dattawan da ke kai da kawowa, ki je da ƙafarki, ki zauna ƙasa ki tambaye shi inda aka kwana, da abin da zai taimake shi, da abin da zai karya masa gwiwa. In ya ce kwana biyu yake nema, kwana biyu ba su da yawa, matuƙar ba a motsa kowa ba a cikinsu. Kuma in za ki ƙi yaƙi, ki ƙi shi ba tare da kin yi wa naku dariya ba. Kada ki ce ba su iyawa, kada ki ce kurari ne. Magana zarar bunu ce. Na san ki, kin gado bakina, tun kina 'yar firamare kike gardama da masu awon albasa har su ce in zo in ɗauke ki. Duk ranar da kika ji maganarki ta yi miki daɗi a baki tun kafin ki faɗe ta, ki tsaya ki tambayi kanki don wa za ki yi ta.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce miki ki bi shugabanninku ki yi shiru, na naɗe takardata. Amma bai tsaya nan ba.

Shekara ta zagayo, ruwa ya sake janyewa, shinge na nan. Sarkin Ruwa ya sake ɗaukar sandarsa. Wannan karon ciyaman ya zo mana da sabuwar dabara a zauren majalisar ƙaramar hukuma, ranar Litinin. Ya ce ba 'yan sanda, za a kai 'yan banga ne, samarinmu na Tunga masu bindigogin harba-ka-ruga, su sauka a bakin tafkin ta gefenmu. Ba za su taɓa kowa ba, zama kawai za su yi don mutanen Mashaya su ga da gaske ake, su sassauta wa Sarkin Ruwa. Ranar Jumma'a Sarkin Ruwa zai kawo amsar ƙarshe, sannan majalisa ta zauna ta yanke abin da za a yi.

Raina bai kwanta ba ko kaɗan. Na duba fuskokin 'yan uwana kansiloli, na ga aƙalla uku da ke jin abin da nake ji, kowa yana jiran wani ya fara. Na gyara zama zan ɗaga hannu, sai sakatare, wanda ke kusa da ni, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kansila, ka tuna bara. Ka bari sai Jumma'a." Hannuna ya koma kan gwiwata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na gaya wa kaina cewa wannan karon na yi hankali, na girma, na san lokacin magana. Aka tambaya ko akwai mai ja, zaure ya yi tsit, aka rubuta cewa kowa ya amince.

Talata da safe aka kawo a-kori-kura ƙofar sakatariya. Cikin waɗanda suka hau har da Umaru, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, baffanki da ke ɗora ki a wuya ya kai ki kallon masunta. Kina da shekara bakwai lokacin, ban san ko kina tuna fuskarsa ba. Yana zaune a bayan motar, bindigar aro tsakanin ƙafafunsa, mutumin da ko zomo bai taɓa harbi ba. Ya hango ni ya kira ni, na matso.

Ya ce, "Yaya, ku kun yarda da wagga tahiya?"

Na ce, "Jumma'a za mu yi magana."

Ya ce, "To, tunda kana ciki shi ke nan. Sun ce zamnawa kaɗai za mu yi."

Direba ya tayar da mota. Ina tsaye ina kallo har suka sha kwana.

Abin da ban gane ba ranar, shi nake so ki gane yau. Ni na ɗauka shawara tana hannunmu har Jumma'a, domin haka aka rubuta a takarda. Ashe tun lokacin da motar nan ta tashi shawara ta bar zaurenmu, ta koma bakin ruwa, hannun samari masu tsoro da bindiga, suna kallon wasu samarin masu tsoro a ɗaya gefen. Laraba da hantsi wani masunci na Mashaya ya shigo da kwalekwale duba shingensu. Wani daga cikin namu ya daka masa tsawa, shi kuma ya ɗaga sandar tuƙi, wani ya ɗauka bindiga ce. Har yau ba a san wanda ya fara harbi ba. Sarkin Ruwa a lokacin yana cikin Mashaya zaune a kan tabarma da dattawansu, an kusa gamawa, suka ji ƙarar. Kafin azahar an kawo mana Umaru a cikin motar da ta kai shi. Su ma can suka binne nasu, magidanci mai 'ya'ya huɗu.

Ranar Jumma'a majalisa ta zauna kamar yadda aka tsara. Na miƙe na yi magana, Inna, maganar da ban taɓa yin mai kyawunta ba. Na ce kai bindiga bakin ruwa kuskure ne, na ce jinin talaka ba abin ciniki ba ne, na ce a janye kowa yau. Mutane suka yi ta share hawaye. Kowa ya goyi bayana, har da ciyaman, har da sakatare. Ihu bayan hari ke nan.

Da na koma gidan makoki, wani ya riga ni kai labarin jawabin. Kakarki tana zaune a ɗakinta, carbi a hannu. Ta sa aka kira ni, ta sallami matan da ke wurin. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Garba, an ce ka yi magana mai kyau yau."

Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Ranar da anka yi shawarar kai su, kana ciki?"

Na ce, "Ina ciki, Inna."

"Mi kac ce?"

"Ban ce komi ba."

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "To yau wa kay yi ma magana?"

Ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Mahaliccinta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Matar Umaru tana da ciki wata shida a lokacin. Da ta haihu aka sa wa yaron Sanusi, da aka yaye shi na ɗauko shi. Wannan kin sani, shi ma ya sani. Abin da ba ku sani ba shi ne ina cikin zauren da aka ce a kai ubansa, aka tambaya ko akwai mai ja, hannuna yana kan gwiwata. Shekara talatin da ɗoriya ina barinku kuna cewa Baba shi ne ya tsaya ya hana faɗan Tafkin Maje. Ban hana komai ba. Na yi jawabi ne a kan kabari.

To ga nasiha ta biyu, ita ce ta sa na ɗauki biro. In an ce miki ki jira sai an gama tattaunawa, ki tambaya: su wa za su jira tare da ni? In motoci ma za su jira, in ba za a matsar da ɗan kowa ko taki ɗaya ba sai majalisa ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, to jira ba laifi. Amma in ku kaɗai za ku jira, motoci suna tafiya, wannan ba jira ba ne, amincewa ce aka karɓa daga gare ku ba tare da an tambaye ku ba. Kada ki yarda da kalmar nan ta "matsar da su kusa kawai za a yi." Na taɓa jin ta. Barazanar baki daban, mutum da bindiga a bakin ruwa daban. Ta baki ana iya janye ta a kan tabarma, amma wanda aka kai bakin ruwa, tsoronsa ne ke yanke hukunci, ba ciyaman ba. Manomin albasa ba ya duba kalanda ya ce ranar kaza zan cire, wuyan albasar yake dubawa, in ya kwanta lokaci ya yi. Ke ma kada ki dubi ranar da suka sa muku, ki dubi motocin. Kuma Sanusi ya riga ya ce yana kusa da gida.

Za ki ce to Baba, ka yi magana ka ɓata, ka yi shiru ka ɓata, ina hanya? Akwai, amma sai a shekara ta uku na same ta, bayan ta daina amfanar Umaru. Tafkin ya shekara biyu a rufe, kifi ya yi ƙiba ba mai ci, samarinmu suna ta maganar ramuwa, aka fara raɗe-raɗin sake kai 'yan banga. Sai na bi kansilolin nan uku gida-gida, muka haɗa baki. Muka fara zuwa wurin Sarkin Ruwa, na durƙusa na ce, Baba, za mu ƙi, yaya za mu faɗa don ya taimake ka? Ya ce, "Ku hwaɗi biyu tare, kada ku raba su. Ku ce bindiga ba ta sake zuwa ruwan ga, ku ce kuma shingen ga zalunci na." Daga nan muka shiga ofishin ciyaman muka rufe ƙofa, muka ce masa gobe za mu ja a zaure, mun zo mu fara gaya maka don kada ka ji kunya a gaban jama'a, in ka so ma kai ka fara faɗa. Ya yi faɗa, ya kira ni butulu. Washegari muka miƙe ɗaya bayan ɗaya muka faɗa, tun ba a ko nemo direba ba.

Sati bai cika ba mutanen Mashaya suka tuge shingen da hannunsu. Daga baya wani dattijonsu ya gaya mini cewa tun bayan rasuwar nan suke son tugewa, abin da ya hana su kada a ce bindiga ce ta sa su. Ba zan yi miki ƙarya in ce haka za ta kasance tsakanin ƙasa da ƙasa ba, tafki ba ƙasa ba ne, kuma ni ban san zukatan waɗancan mutanen ba. Amma na ga ƙin yaƙi ya ɓata sulhu, na kuma ga ya gyara shi, bambancin kawai yadda aka yi da lokacin da aka yi.

Don haka ga abin da nake so ki yi, kuma ba shawara nake ba ki ba, umarnin uba ne, in har ina da sauran wannan ikon a kan Honarabul. Ki isa Litinin. Talata ki ga masu sulhu. Ki nemo 'yan uwanki da ke jin abin da kike ji, suna nan, kowa yana jiran wani ya fara, musamman waɗanda mazaɓunsu ke bakin iyaka irin taki. Ku shiga wurin shugabanninku ku rufe ƙofa ku gaya musu a fuska. Sannan a zama na farko da aka buɗe, ki miƙe. Ki ce karɓar mulki da bindiga ba daidai ba ne, ki ce kina bayan masu sulhu, ki ce kuma kada a ƙara matsar da ɗan kowa sai an kawo maganar gaban majalisa an ƙirga hannuwa. Kada ki bari a ce miki sai Jumma'a.

Na san abin da zai biyo baya. Za su ce yarinya ce ba ta san dawan garin ba. Za su hana ki kwamitin da kike so, wataƙila zaɓe mai zuwa su ba wani tikiti. Wasu za su ce ai don ƙanenta soja ne. In sun faɗa kada ki musa, ki ce i, don shi ne, da ƙannen wasu, da waɗanda ke can gefen ma. Amma kada ki ambaci sunansa a ko'ina, kada ki ja masa magana wurin manyansa. Kada kuma ki jira godiya daga gare shi. Sanusi soja ne har cikin ƙashinsa, in an ce ya tafi zai tafi bai waiwaya ba, in ya ji abin da kika yi ma yana iya yin fushi. Bar shi ya yi fushin. Mai rai ne ke fushi.

Kujera kuwa, ni na rasa tawa a zaɓen da ya biyo bayan shekara ta ukun nan, na dawo gonata, kuma ga ni ban mutu ba, da albasar na biya miki makaranta. In sun karɓe taki, gonar tana nan, ɗakinki ma yana nan, mahaifiyarki ta cika shi da tukwane amma za a kwashe. Ta ce in gaya miki ta sa bandan kifi da gabu a cikin buhun da direban zai kawo, wai miyar Abuja ba ta da ƙamshi. Ba ta san abin da na rubuta ba. Yau da yamma zan gaya mata da bakina, tunda na fara ba zan tsaya rabi ba.

Saura Sanusi. Shi ba a takarda zan gaya masa ba, ba kuma ta waya ba. Ina so ya zauna a gabana a zauren nan, in dube shi in ce masa ubanka ya tambaye ni ko mun yarda, na ce masa sai Jumma'a. In ya yafe, to, in bai yafe ba haƙƙinsa ne. Amma sai ya dawo kafin in iya faɗa masa, kuma dawowar tasa akwai hannunki a ciki, ko da kaɗan ne.

Kin sha tambayata kina yarinya me ya sa wani lokaci in na kira ki sai in yi shiru kamar na manta abin da zan ce. Ban manta ba. Sunanta kike ɗauke da shi, duk lokacin da na ce Inna sai in ji tana tambayata. Ita ta tafi, tambayar na nan wurina, kuma ranar da kika dawo Argungu, ko an yi yaƙin ko Allah Ya kiyaye, zan sallami baƙi in yi miki ita: ranar da aka yi shawara kina ciki, me kika ce? Ki zo mini da amsar da ni ban samu na ba uwata ba.

Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya sa albarka a bakinki, Ya ba ki ƙarfin ɗaga hannu a lokacin da hannu ke nauyi. Allah Ya dafa wa masu kai da kawowa, Ya sanyaya zukatan manya na nan da na can. Allah Ya tsare Rabi da zuriyarta, Ya tsare 'ya'yan mutane a duk gefen da suke, Ya dawo mini da ɗan Umaru da ƙafafunsa. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba, tsohon kansilan Tungar Wanzam.